Kalma Ɗaya Ce Tawa a Shafi Uku

Ruwan sama ne ya fara tarbata a Ingila, Ɗan'asabe ya biyo baya, kuma a cikinsu ruwan ne kaɗai bai yi mani ƙarya ba.

Ɗan'asabe ɗan unguwarmu ne a Talata Mafara, ya riga ni zuwa da shekaru. Tun ina gida yake rantse mani a waya cewa ya kama mani ɗaki, taku goma zuwa makaranta, har da taga mai kallon lambu. Da muka sauka daga jirgin ƙasa a wani gari can arewacin ƙasar, sai muka hau bas, muka sauka, muka sake hawa wata. Na ce, "Ɗan'asabe, takun nan goma na aljani ne?" Ya yi dariya, ya ce in saki jikina. Ɗakin da ya buɗe mani yana ƙarƙashin matakalar bene, mutum ba ya iya miƙewa tsaye sai ta bakin ƙofa. Taga kam akwai, amma kwandunan shara take kallo. Na ajiye jakata, na haɗiye abin da ya zo mani baki, na ce wa kaina wannan masauki ne, ba zama na zo yi ba.

Sunana Lawali, ni malamin gona ne. Shekara goma sha ɗaya ina yawo da babur a gonakin Bakolori, ina koya wa mutane tazarar dashen shinkafa da lokacin ba albasa ruwa, waɗansunsu ma sun fi ni sanin abin, haƙuri kawai suke yi da ni. Na samu gurbin ƙaro karatu a kan noman rani, amma da sharaɗi. Sai na yi mako goma ina koyon Turancin rubutu, in kuma ci jarrabawar ƙarshe, wadda insha'i ce guda ɗaya tak. Wanda ya ci ya wuce jami'a. Wanda ya faɗi, takardar zamansa ta mutu, ya tattara komatsansa ya koma. Ni kuwa mahaifina, Malam Garba na Birnin Tudu, ya sa an sauke mani Alƙur'ani kafin in taho, manoma har da masu kawo mani yaji da kuka. Da wane ido zan koma masu bayan mako goma?

Zangon farko shi ne na sanyi da shiru. Sanyin na san da labarinsa, shirun ne ba wanda ya gaya mani. A wurinmu in ka haɗu da mutum sai ka tambaye shi kwana, da gajiya, da iyali, da ruwa, da aiki, kafin ka ce ga abin da ya kawo ka. A nan na tare maƙwabcina a matakala na tambaye shi lafiyar mutanen gidansu, sai ya dube ni sama da ƙasa ya matse jakarsa. Daga ranar na kama bakina. Mutum ɗaya ne ya karɓi gaisuwata, wani dattijo direban bas ta biyu. Kullum da safe ta farko takan makara, ni kuma in taho da gudu, shi kuwa in ya hango ni a madubi sai ya riƙe ƙofa. Ban san sunansa ba, bai san nawa ba. Wata safiya ya ga yatsuna sun ƙi ciro katin mota saboda sanyi, washegari ya miƙo mani safar hannu a leda, ya ja motarsa.

Malamarmu sunanta Helen, doguwa mai furfura, ba ta ɗaga murya. A aji akwai 'yan Sin, da Larabawa, da Turkawa. Na ƙare masu kallo na ce a raina ai nan ni ne liman, ƙasarmu da Turanci ake mulki. Insha'in farko na zuba mata manyan kalmomi irin na rahoton ofis, ina jiran yabo. Ta dawo mani da takarda ja wur da biro. Bayan an tashi ta tsayar da ni, ta sa yatsa a kan wata kalma.

"Lawali, me ya sa ka zaɓi wannan, ba 'yar'uwarta ba?"

Na ce, "Malama, ai a ƙamus ma'anarsu ɗaya."

Ta ce, "Babu kalma biyu masu ma'ana ɗaya. Da akwai, da tuni ɗaya ta mutu. Kai ka san kalmomi da yawa, amma ba ka san halinsu ba."

Na fita raina a ɓace. Mutum mai 'ya'ya huɗu, a ce bai san halin kalmomi ba. Na yi ta gunaguni har gida, amma maganar ta ƙi barina.

A mako na huɗu ta raba mana wata maƙala mai shafi uku, ta ce kowa ya je ya karanta a tsanake, ya lura da yadda marubucin ke zaɓen kalma. Sunansa na nan a sama da ƙananan haruffa. Na shiga laburare bayan azahar na zauna. Ban kai rabin shafi ba na ji gabana ya faɗi. Labarin wani ƙauye ne a wata ƙasa mai nisa, wanda aka tayar da mutanensa don za a yi dam. Ni kuwa labarin nan da shi aka yaye ni. Kakata Inna Tumba, mahaifiyar babana, a wani ƙauye na ƙasar Maradun aka haife ta, kuma ƙauyen yana ƙarƙashin ruwan Bakolori tun kafin a haife ni. Na duba sunan marubucin har sau biyu, ko ya taɓa zuwa wajenmu.

Sai na yi wa maƙalar irin karatun da na sani. A zauren babana ba a tsallake kalma. Ɗalibi ya karanta ɗaya, Malam ya ba da ma'anarta, ya faɗi dalilin da ya sa mawallafi ya kawo ta, sannan a matsa gaba. Na sayo ƙamus babba, na zauna wa shafi ukun nan mako biyu. Ƙarƙashin kowace kalma na rubuta Hausarta, a gefe kuma na yi sharhi, wani da boko, wani da ajami inda wuri ya yi kaɗan. Ba zan cika ku da Turancin ba, zan faɗi kowace da 'yar'uwarta mafi kusa a Hausa.

Wadda ta fara kama ni ita ce wadda ya yi amfani da ita wurin tayar da mutanen. Turanci na da kalmar ƙaura, yana da ta kora, yana da ta kwashewa. Duk ya bar su, ya ɗauko kalmar dashe, irin wadda muke yi wa shinkafa. Na ajiye biro. Duk wanda ya taɓa dashe ya san abin da ke biyo baya. Ka cire iri daga inda ya tsiro, ka kai shi fage mai kyau, mai ruwa, mai taki, amma sai ya yi kwanaki a kwance ya yi yaushi, wani ya tashi, wani kuma ba zai tashi ba har abada. Kuma mai dashe ba mugu ba ne, alheri yake nufi. Duk wannan mutumin ya faɗe shi da kalma ɗaya. A ranar na gane abin da Helen ke nufi da hali, na kuma yafe mata.

Kafin mako na shida na haddace maƙalar daga kai har ƙafa. Ban yi niyya ba, haka aka horar da kaina. Ina karanta ta a bas, ina karanta ta ina wanke tukunya. Ita ce ta zama abokiyar hirata a garin da ba mai yi mani magana.

Da aka ba mu taken insha'in ƙarshe, sai ya zamana a kan yadda manyan ayyukan raya ƙasa ke shafar talakawa. Na ce Allah ya kashe ya ba ni. Na yi gabatarwa da tawa basirar, na yi rufewa, tsakiyar kuwa na zuba shafi ukun nan yadda suke, daga ka, ko takardar ban duba ba. Ban sa sunan marubucin ba. A tunanina, ita Malama ce ta ba ni karatun da hannunta, ta fi ni sanin mai shi. In ka je biya wa malaminka karatu, kana kawo shi ne cif-cif ba ragi ba ƙari, wannan shi ne shaidar ka riƙe. An yi mana lacca a makon farko a kan satar rubutu, na ji da kunnena, amma na ɗauka da ɓarayi ake, masu kwafa a ɓoye. Wuri ɗaya ne kawai hannuna ya ƙi bin haddar, a layin ƙarshe. Na sauya kalma guda, na wuce, na miƙa takarda ina jin kaina.

Bayan kwana biyar saƙo ya shigo wayata. Ana tuhumata da satar rubutu, in bayyana gaban kwamiti ranar Talata da ƙarfe goma. A ƙasa an rubuta cewa hukuncin yana iya kaiwa ga kora. Na karanta sau uku a tsaye a bakin titi. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ni da ko ɗan albasa ban taɓa ɗauka a gonar mutum ba tare da ya ba ni ba, yau ga ni da sunan ɓarawo a rubuce, a ƙasar mutane.

Ɗan'asabe na fara kai wa maganar, tunda baƙo ko da ido makaho ne. Ya karanta, ya yi tsaki.

"Kai ma dai, Lawali. Da ka zo wurina tun farko, ai akwai masu rubutawa, su juya kalmomin yadda na'ura ba za ta gane ba. Yanzu abu biyu ya rage. Ko dai ka ce masu an yi maka rasuwa a gida, hankalinka ya tashi ka haɗa takardu, ni zan samo maka shaida. Ko kuma ka ƙi zuwa, ka sulale, akwai wurin wankin mota da na sani a wani gari, ba mai tambayarka takarda."

Na ce, "Wa zan kashe a gidanmu?"

Ya ce, "Wanda ya riga ya mutu mana. Ba ka da kaka?"

Na tashi na bar masa ɗakin kafin hannuna ya riga bakina. Amma ba zan ɓoye ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kwana biyu ina juya maganar rasuwar nan a raina. Na ga tana iya fitar da ni.

Ranar Lahadi da hantsi na kira babana. Na tabbata shi kam zai goya mani baya, ai tarbiyyarsa ce ta kai ni. Muka gaisa, ya tambaye ni sanyi, da baƙunta, da karatu, na tambaye shi jiki, da mutanen gida, da ruwa. Sannan ya ce, "Mi ya hwaru? Muryarka ba daidai take ba."

Na kwashe duka na gaya masa. Na ƙara da cewa mutanen nan ba su san darajar hadda ba. Ina jin kukan akuya a bayansa, sai ya jefo mani tambaya.

"Da ka zaka biya mata karatun, da mi ka buɗe?"

Na ce, "Ban buɗe da komai ba, Baba. Ai ta san mai shi."

"Lawali, shekara nawa ka yi gabana? In ɗalibi ya buɗe littahi, mi yaka hwaɗi kahin ya taɓa baƙi guda?"

Na ce, "Ƙalal musannifu. Mawallafi ya ce, Allah ya yi masa rahama."

"To. Ni ban san mai littahin ba? Na hardace shi tun ba a haihe ka ba. Amma kullum sai an hwaɗi. Ba don ni aka hwaɗi ba, don mai magana aka hwaɗi, haƙƙi nai ne. Kai ka ɗauko hadda ka baro ladabinta a zaure. Turawan ga sun hi ka gaskiya."

Na ce, "Baba, korata fa za su yi."

"In sun koro ka, ƙohwar gidan ga buɗe take. Ka tahi ka ce masu ka yi kuskure. Amma in ka yi masu ƙarya ka zauna, kada ka kawo man takardar in sa mata albarka."

Ban gaya masa shawarar Ɗan'asabe ba, amma kamar yana ɗakin aka yi ta.

Ranar Talata na tarar da mutum uku a wani ɗan ɗaki mai zafin hita. Helen a gefe, ba ta dube ni ba. Wata mata da ke rubuta duk abin da aka faɗa. A tsakiya wani tsohon farfesa mai tabarau, shi ne shugaba. A gabansa ga insha'ina, na'ura ta shafe duk inda ya yi daidai da na marubucin da ruwan ɗorawa. Shafi uku ruwan ɗorawa tas, sai ɗan farin wuri guda a layin ƙarshe.

Ya ce, "Ka kwafi wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban kwafa ba, haddacewa na yi. Amma maganar ba tawa ba ce, kuma ban faɗi mai ita ba. Na yi kuskure. Ko a wurinmu kuskure ne, babana ya tuna mani shekaranjiya."

Ya ɗaga gira. "Ka haddace shafi uku?"

Na rufe ido na fara. Ban kai rabin shafi ba ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Abin burgewa ne. Amma aku ma yana yin haka. Mu abin da muke aunawa shi ne ko ka fahimci Turanci har za ka iya karatu da shi, kuma takardar nan ba ta nuna mana komai ba."

Na ji jinina ya hau. Aku. Da a Mafara ne da an ji mu a bakin kasuwa. Na danne, na buɗe jaka, na ciro takardar maƙalar da na yi wa sharhi na shimfiɗa a teburin. Ta yi baƙi ƙirin da rubutu, ta yage a lanƙwasa, ga ɗigon man girki a kusurwa.

Na ce, "Ku zaɓi kowace kalma a nan, ku tambaye ni me ya sa ya kawo ta. In na kasa ɗaya, da ƙafata zan tafi tashar jirgi."

Matar nan ta daina rubutu. Farfesa ya jawo takardar, ya juya ta, ya tambayi wane irin rubutu ne wannan a gefe. Na ce Hausa ce da haruffan Larabci. Sai a lokacin Helen ta ɗago. Ta sa yatsa a shafi na biyu, kamar yadda ta yi mani a makon farko.

"A nan, inda ruwa ya zo wa ƙauyen. Me ya sa wannan?"

Na ce, "Yana da kalmar ambaliya, yana da ta haɗiyewa, ya ƙi su. Ya ce ruwan ya lulluɓe garin. Kalmar da ake yi wa yaro mai barci da zane ce, ita ce kuma ake yi wa gawa. Ruwan dam ba ya zuwa da gudu, Malama. Kullum yakan hau kaɗan. Mutane kan kafa kara a bakinsa da yamma, da safe su zo su ga ya wuce. Ba ihu, ba gudu. Yana so mai karatu ya ji wannan sanyin, ya rasa ko barci ne ko mutuwa."

Ta janye yatsanta. Farfesa ya gyara zama, ya zaɓi tasa. "Inda yake maganar jami'an dam fa?"

Na ce, "Sau huɗu ya ce sun yi wa mutane bayani. Bai taɓa cewa sun tambaye su ba, ko sun yi shawara da su. Bai zage su ba, bai ce azzalumai ne ba. Ya dai bar kalmar tana dawowa har kai da kanka ka ji babu 'yar'uwarta. Na san bambancin, ranka ya daɗe, don bayanin nan shi ne sana'ata shekara goma sha ɗaya."

Suka yi mani guda shida ko bakwai. Gumi ya jiƙa mani riga. Wata na amsa da kyau, wata na yi ta lalube da Turancina mai ɗingishi har na isa. Daga nan farfesa ya koma kan insha'ina, ya sa bakin biro a kan ɗan farin wurin nan.

"Wannan fa? Ka manta ne?"

Sai a lokacin na tuna da ita. Na ce, "Ban manta ba. Tun daga farko, in yana maganar tsohon ƙauye sai ya ce gida, in yana maganar sabon wuri sai ya ce gine-gine. Bai taɓa haɗa su ba sai a layin ƙarshe. Wata tsohuwa ta binne mijinta a sabon wuri, sai ya ce ta juya ta koma gida. Yana nufin daga ranar wurin ya zama nata. Ni kuma na cire, na sa masauki."

"Me ya sa?"

"Don ya yi kuskure."

Ya cire tabarau. Na ga Helen ta rufe ido, na san na taro aradu da ka, amma bakina ya riga ya buɗe. Na ba su labarin Inna Tumba. Na ce ta fi shekara ashirin a sabon wuri, an ba ta ɗaki mai rufin kwano wanda ya fi na da kyau, amma har na girma ban taɓa jin ta kira shi gida ba. In mun je kasuwa sai ta ce mu koma masauki. Ta ƙi dasa ko bishiyar kuka ɗaya a tsakar gidan, wai baƙo ba ya dashe. Kakana ma a can aka rufe shi, kuma ba ta sauya kalma ba. Na ce marubucin ya iya Turanci, amma ni na san tsohuwar.

Aka ce in jira a waje. Na zauna a benci ina kallon ƙofar, ina lissafin abin da zan gaya wa manoman da suka kawo mani yaji. Ban san minti nawa ba ne, na dai san na karanta duk addu'ar da na sani har na koma farko.

Da suka kira ni, farfesa bai yi murmushi ba. Ya ce laifin ya tabbata, za a rubuta shi a fayil ɗina, insha'in kuma sifili ne. Amma za su ba ni dama ɗaya, ba ta biyu. Ranar Litinin zan zauna a ɗaki ni kaɗai da mai gadin jarrabawa, awa uku, ba ƙamus ba takarda, in rubuta masu dalilin da ya sa nake ganin marubucin ya yi kuskure. In na faɗi, shi ke nan.

Ya turo mani insha'in. "A shafi ukun nan kalma ɗaya ce taka. Muna so mu ga sauran."

Ranar Litinin bas ta farko ta makara kamar ta sani. Na taho da gudu, na hango dattijon nan ya riƙe ƙofa, fasinjoji na harararsa. Da na shiga ina haki ya dube ni ya ce, "Babbar rana?" Na ce babba ce. Ya ce, "To zauna ka huta, ni zan kai ka."

Na yi minti ashirin ina kallon farar takarda. Duk jimlar da ta zo mani, sai in ji ta marubucin ce, in kore ta. Daga ƙarshe na rubuta: Kakata Tumba, Allah ya jiƙanta, ta ce. A sakin layi na biyu na rubuta cikakken sunan baturen, na ce shi kuma ya ce. Daga nan hanya ta buɗe. Ban sa babbar kalma ko ɗaya ba. Kowace na ɗauko sai na tambaye ta me ta zo yi, in ba ta da amsa in mayar da ita.

Kwana tara na jira. Ɗan'asabe ya riga ya fara nuna wa wani ɗakina. A rana ta goma sakamako ya fito, na haye da ƙyar, kamar mai tsallake kwalbati da buhu a ka. Helen ta ba ni takardar da hannunta. Jan biron bai kai rabin na da ba. Ta ce, "Har yanzu kana da aiki, Lawali. Amma wannan na san wanda ya rubuta shi."

Na kira Baba bayan sun yi la'asar. Muka gaisa har ƙarshe kafin na gaya masa. Ya yi hamdala, sannan ya ce, "Ka sa ya ce?"

Na ce, "Na sa, Baba. Har da ta ce."

"Wa ta ce?"

"Inna."

Ya ce in karanta masa. Na bi layi-layi ina mayarwa Hausa, yadda ake yi a zaurensa, sai dai yau ni ne mai ba da ma'ana. Na karanta masa dashen, da karan da ake kafawa a bakin ruwa, da masaukin.

Ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Amma akwai abin da ba ka sani ba, kana makarantar noma sa'ad da ta rasu." Muryarsa ta sauka. "Muna asibiti a Mahwara, ranar ƙarshe, ta kama hannuna ta ce, Garba, ku maishe ni gida. Na ɗauka ruɗewa ce. Na ce, Inna, gida ai shina cikin ruwa. Ta ce, ba can ba, inda kunka ruhe ubanku."

Na ce, "Gida ta ce, Baba?"

Ya ce, "Sau guda ta hwaɗi, kuma ni kaɗai na ji. Baturen ga ya san abin da yaka cewa. Ka yi mai adalci."

Bayan mun yi sallama na zauna a bakin katifa a ƙarƙashin matakalar nan, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka gaya mani rasuwarta. Sannan na ciro tsohuwar takardar, na nemo layin ƙarshe. A ƙarƙashin kalmar marubucin akwai inda na taɓa rubuta kuskure da manyan haruffa. Na soke shi, na rubuta a gefe da ajami: Inna ma haka ta ce.